Baƙo da Ɗan Gida a Kwazazzabon Aljanu: Sharhi Kan Rubutun Barth da na Ibrahim al-Koni

Gabatarwa

Duk wanda ya saba halartar zaman karatu na ƙungiyarmu, inda marubuta kan kawo abin da suka rubuta a saurara a yi gyara, ya san wani irin babi da ba ya wuyar ɓullowa. Tauraron labari zai bar gari, ya yi ta tafiya har ya isa wani kwazazzabo a tsakiyar hamada, duhu ya rufe, iska ta kaɗa, sai ga aljani mai kai bakwai yana aman wuta. Tauraro ya zare takobi ko ya karanto addu'a, aljani ya ƙone, a wuce babi na gaba. In aka tambayi marubucin sunan kwazazzabon, ko tafiyar kwana nawa ce daga rijiya ta ƙarshe, ko me makiyayan da ke zaune a gefensa suke faɗa game da shi, sai ya ce ai ƙagaggen labari ne. Mu dai a ganinmu wannan amsa ba ta wadatar ba, kuma dalilin rubuta wannan sharhi ke nan.

Mun zaɓi littattafai biyu da suka yi magana a kan yanki guda na Sahara, wato kwazazzabai da tsaunukan kudu maso yammacin Libiya, waɗanda suka yi suna wajen masu tafiyar ƙasa don buɗe ido, suka kuma yi suna da labaran aljanu a bakin mazaunansu. Na farko labarin tafiya ne na Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa yankin a shekarar 1850. Na biyu ƙagaggen labari ne na Ibrahim al-Koni, Buzu ɗan Libiya, mai suna Nazif al-Hajar, wato dutse yana zubar da jini, wanda aka buga da Larabci a shekarar 1990. Ɗaya baƙo ne da ya zo ya wuce, ɗaya kuwa ɗan gida ne. Abin da za mu duba shi ne yadda kowannensu ya sarrafa wuri da kuma labarin mutanen ɓoye, sa'an nan mu ga abin da marubucin Hausa zai tsinta.

Wurin da Ake Magana

A yankin Fazzan akwai wani shimfiɗaɗɗen tudun dutse da Buzaye ke kira Masak Sattafat, ma'ana Baƙin Masak, saboda baƙaƙen duwatsun da suka rufe samansa. Ruwan da ya gudana a zamanin da can ya yanka wannan tudu gida-gida, ya bar kwazazzabai masu bangon dutse hagu da dama. Mafi shahara a cikinsu shi ne Matkandush. A jikin bangonsa mutanen farko sun sassaƙa siffofin raƙuman dawa da giwaye da ɓauna, da wani kada tare da ɗansa, da wasu halittu biyu masu kama da kyanwa tsaye bisa ƙafafun baya kamar 'yan dambe. Masana tarihi sun nuna cewa an yi waɗannan sassaƙe-sassaƙe shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da Sahara ke da ciyawa da tafkuna, domin kuwa ba wanda zai zana kada a inda bai taɓa ganin ruwa ba.

Yamma da nan akwai tsaunukan Akakus, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 1985 saboda zane-zanen kogunansu. A gindinsu garin Gat yake, kuma kimanin kilomita 25 arewa da Gat akwai wani tsauni da ya ware shi kaɗai, ana ce masa Idinen, Larabawa kuma na kiransa fadar aljanu. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Libiya a shekarar 2011, Turawa 'yan yawon buɗe ido kan zo a watannin sanyi, a kai su da mota har bakin kwazazzabo, su sauka su bi shi da ƙafa suna kallon bango, wasu kuma su yi kwanaki suna tafiyar ƙasa a Akakus raƙuma na ɗauke da kayansu. Su kuwa Buzaye suna da sunan da suke kiran mazauna irin waɗannan wurare, Kel Esuf, wato mutanen dawa ko mutanen kaɗaici, kamar dai yadda mu kan ce mutanen ɓoye.

Bai kamata mai karatu ya ɗauka wannan ƙasa ba ta da dangantaka da mu ba. Ta Gat hanyar ayari ta bi, wadda ta taso daga Tarabulus ta Gadamas, ta sauko Azbin da Damagaram har Kano. Ta nan turkuɗi da jar fatar Kano suka yi arewa, ta nan kuma aka kora bayi da yawa waɗanda ba su sake ganin gida ba.

Barth: Ziyarar Baƙo

Barth ya tashi daga Tarabulus a watan Maris na 1850 tare da James Richardson da Adolf Overweg, gwamnatin Ingila ce ta aiko su. Ya ɗauki sunan Abdulkarim, ya iso Katsina da Kano a farkon 1851, ya koyi Hausa, bai koma Tarabulus ba sai 1855, bayan abokan tafiyarsa biyu sun mutu a ƙasar Barno. Littafinsa mai juzu'i biyar, Travels and Discoveries in North and Central Africa, ya fito tsakanin 1857 da 1858.

Wurare biyu ne suka shafe mu a cikinsa. Na farko, a farkon watan Yuli na 1850 ayarinsu ya sauka a wani kwazazzabo na Masak mai suna Telisage, inda ya ga sassaƙen wasu mutane masu kawunan dabbobi da kuma garken shanu. Ya zauna ya kwafi siffofin, ya kuma lura da wani abu da mai gaggawa ba zai lura da shi ba, wato babu raƙumi ko ɗaya a cikinsu. Daga nan ya fahimci cewa an yi wani zamani da shanu ne dabbobin wannan ƙasa, kafin zuwan raƙumi. Wannan ita ce irin lurar da muke so marubutanmu su koya, ta mutumin da ke kula da abin da ke gabansa har ya gane abin da babu.

Na biyu shi ne abin da ya same shi a Idinen ran 15 ga Yuli. Buzayen da ke musu jagora sun gargaɗe shi kada ya kusanci tsaunin, kuma ba wanda ya yarda ya raka shi. Shi kuwa yana zaton tsohon wurin bauta ne, zai sami rubuce-rubuce a can. Ya tashi shi kaɗai da 'yar salka da busasshen biskit da dabino. Tsaunin da ya hango kamar kusa ashe yana da nisa, ya kai sama a galabaice, bai tarar da rubutu ko ɗaya ba. Ruwa ya ƙare, hanya ta ɓace masa. Ya harba bindiga ba amsa, ya kwana gindin wata bishiya yana hango wutar ayari daga nesa amma ba shi da ƙarfin tashi. Kashegari ƙishirwa ta kai shi ga tsotson jinin jikinsa. Sai wajen maraice wani Buzu a kan raƙumi ya bi sawunsa ya same shi, ya yayyafa masa ruwa a ka, ya ɗauke shi zuwa zango. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ƙarfin wannan rubutu yana cikin ƙididdiga da gaskiya. Barth ya faɗi rana, ya faɗi guzurinsa, ya faɗi yadda dabino ya gagara haɗiyuwa da maƙogwaro ya bushe, bai kuma ɓoye cewa gangancinsa ne ya jefa shi ba. Babu aljani ko ɗaya da ya bayyana a shafin, duk da haka gaban mai karatu yana faɗuwa fiye da yadda yake faɗuwa a gaban dodo mai kai bakwai, domin ƙishirwa abu ne da kowa ya sani a jikinsa.

Rauninsa kuwa shi ne raunin baƙo. Ya ɗauki gargaɗin Buzaye a matsayin camfi kurum, bai tsaya ya tambayi abin da ke ƙunshe cikinsa ba. Mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna wucewa ta gindin wannan tsauni sun san ba ruwa a kansa, sun san nisansa na yaudarar ido, sun san wanda ya hau da wuya ya sauko. Duk wannan sani yana cikin jimla guda da suke faɗa wa yaro da baƙo, cewa wurin na aljanu ne, a bar musu abinsu. Bugu da ƙari, mutumin da ya cece shi 'yan layuka kaɗan ya samu a littafin, alhali shi ne ya karanta sawu a kan tsakuwa har ya gano inda baƙon ya faɗi. Labarin da ke cikin kan wannan Buzu shi ne Barth bai rubuta ba, kuma shi ne al-Koni ya zo ya rubuta bayan shekara 140.

Al-Koni: Idon Ɗan Gida

An haifi Ibrahim al-Koni a shekarar 1948, ya tashi a hamada da harshen Buzanci a bakinsa, sai da ya yi wayo ya koyi Larabci, daga baya ya yi karatun adabi a Cibiyar Gorki da ke Mosko. Nazif al-Hajar ɗan ƙaramin littafi ne da ake iya gamawa a zama biyu, an kuma fassara shi zuwa Ingilishi a shekarar 2002.

Tauraronsa Asuf ne, wani makiyayin awaki da ya tsufa shi kaɗai a kwazazzabon Matkandush. Ubansa ya raine shi a kan gudun mutane, har ya zamana ko ciniki da ayari ba ya iya yi sai da kunya da rawar jiki. Uban ya karya alkawarin da ya ɗauka na barin farautar ragon dutse, wanda Larabawa ke kira waddan, ya mutu a wajen farautar da karyayyen wuya. Uwar kuma ambaliya ce ta tafi da ita, irin ruwan da kan cika kwazazzabo farat ɗaya bayan shekaru na fari. Shi ma Asuf ya taɓa bin ragon dutse, dabbar ta ja shi har ya rataya a bakin rami tsakanin rai da mutuwa, sa'an nan ragon dutse ne ya fid da shi, kuma a idon dabbar ya ga ubansa. Tun daga ranar bai sake cin nama ba. Daga baya hukumar kayan tarihi ta naɗa shi mai gadin zane-zanen kwazazzabon, yana nuna wa baƙi hanya.

Ana nan sai ga mutum biyu a mota, Ƙabilu Adam da abokinsa Mas'udu. Ba kallon zane suka zo ba. Ƙabilu mutum ne da ba ya iya kwana bai ci nama ba. Da taimakon wani hafsan sojan Amurka mai suna John Parker, wanda ya ba shi bindiga mai aman harsashi har da jirgi mai saukar ungulu, ya ƙarar da bareyin hamada, yanzu kuma ragon dutse yake nema, yana so Asuf ya nuna masa maɓoyarsa. Asuf ya ƙi. Ƙabilu ya ɗaure shi a jikin babban dutsen nan mai siffar wani limamin mutanen da tare da ragon dutse, ya yanka shi. Jini ya kwarara a kan dutsen, ruwan sama ya fara sauka.

Jigo da Sarrafa Mutanen Ɓoye

Babban jigon littafin shi ne amana tsakanin ɗan Adam da sauran halittu, da kuma abin da ke biyo bayan cin wannan amana. Marubucin bai ɓoye inda ya ɗebo ba, domin sunan Ƙabilu kaɗai ya isa ya tuna wa Musulmi ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu biyu da ke cikin Suratul Ma'ida, ya kuma buɗe littafin da nassi daga Alƙur'ani da kuma Attaura. Abin da ya ƙara shi ne ya faɗaɗa ma'anar ɗan'uwa har ta haɗa da barewa da ragon dutse. A wani babi ma barewa ce ke ba 'yarta labari, kamar a tatsuniya, yadda uwarta ta ba da jininta don ceton wani jariri da ƙishirwa ta kusa kashewa. Jaririn nan shi ne Ƙabilu, wanda ya girma ya zama ajalin bareyi.

Abin lura ga marubuci shi ne yadda aljanu suke a wannan littafi. Ba sa fitowa su yi faɗa da kowa. Asuf ya tashi yana jin cewa su ne mazauna koguna, siffofin da ke jikin bango ma nasu ne ko na kakannin farko, yana kuma zaune da su kamar yadda mutum ke zama da maƙwabcin da ba ya son hayaniya. Sunansa kansa daga kalmar nan ta esuf yake, wato kaɗaici, saboda haka tsakaninsa da Kel Esuf akwai zumunci tun daga suna. Sakamakon haka, idan tsoro ya shigo labarin ba daga kogo yake fitowa ba, ƙarar mota ce ke kawo shi. Mai karatu da ya shiga kwazazzabon yana jiran dodo sai ya tarar abin gudun mutum ne mai bindiga da yunwar da ba ta ƙarewa.

Haka kuma al-Koni ya juya madubin ziyara. A wajen Barth, baƙo ne ke kallo, ɗan gida abin kallo ne. A nan kuwa ta idon Asuf muke ganin Turawan da ke zuwa, yana mamakin mutanen da suka ƙetaro teku don su durƙusa a gaban dutse. Marubucin bai yi musu ba'a ba, bai kuma ɗaukaka su ba, ya bar mu da mamakin makiyayi, wanda ya fi kowane dogon bayani nuna tazarar da ke tsakanin mai zuwa kallo da mai zama.

Zubi da Tsari da Salo

Ainihin abin da ya faru tsakanin Asuf da maharban nan bai wuce 'yan kwanaki ba. Sauran littafin duk waiwaye ne, ana komawa baya a ɗauko mutuwar uba, da ambaliya, da zamanin mulkin Italiya lokacin da aka kama Asuf za a sa shi soja ya rikiɗa ragon dutse ya tsere, da kuma tarihin Ƙabilu. Kowane waiwaye yana ƙara wa mai karatu dalilin da zai sa Asuf ba zai buɗe baki ba, har ya zamana lokacin da aka zo ƙarshe ba a bukatar marubuci ya yi bayanin taurin kansa. Marubutanmu da ke fara labari daga haihuwar tauraro su bi shi shekara-shekara har aurensa suna da abin koyo a nan.

Ta fuskar salo, ya san ƙasar da yake rubutu a kanta. Ya bambanta hamadar rairayi da hamadar dutse, har ya sa uban Asuf ya ba da labarin tsohuwar gabar da ke tsakaninsu, da yadda ruhin rairayi ya shiga barewa, ruhin tsauni ya shiga ragon dutse. Wannan ya sa halin kowace dabba ya dace da ƙasarta. Da za a ɗauke labarin daga Matkandush a kai shi wani daji, da ya rushe, kuma wannan ita ce jarrabawar da muke so kowane marubuci ya yi wa nasa labarin.

Inda Muke da Ja

Yabon gwani ya zama dole, amma sharhi ba ya cika sai an faɗi inda aka gaza. Da farko, Ƙabilu bai cika mutum ba. Yunwar nama ce aka sa wa riga da wando. An ƙaddara masa mugunta tun yana jariri, saboda haka ba mu taɓa ganinsa a mararraba yana zaɓi ba, kuma mugun da ba shi da zaɓi ba ya koya wa mai karatu tsoron zuciyarsa. Mas'udu, wanda ke tsaye yana kallo bai hana ba, shi ya fi kama da yawancinmu, amma marubucin bai ba shi fili sosai ba.

Na biyu, mata kusan babu su. Uwar Asuf tana nan ne don ta yi faɗa ta kuma mutu. Wannan abin mamaki ne daga marubucin da ya fito cikin al'ummar da aka san matanta da riƙe tanti da dukiya da kuma rubutun Tifinag.

Na uku ya shafe mu kai tsaye. Kano ta fito a littafin, amma ta fito ne a matsayin garin bokaye. Uban Asuf, in zai fita farautar ragon dutse, yakan karanta abin da ya haddace na Alƙur'ani, ya haɗa da surkulle cikin harshen Hausa, ya rataya layun da ya saya wajen bokayen da ke biyo ayarin Kano. Ba mu musun cewa an yi cinikin layu a wannan hanya. Sai dai birnin da ya tufatar da Buzaye da turkuɗi, birnin da Shehu Magili ya zauna ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, ya fi ƙarfin a taƙaita shi ga laya. A nan ɗan gidan Matkandush ya zama baƙo a Kano, ya yi mana irin kallon da Barth ya yi wa Buzaye. Darasin shi ne, ba marubucin da yake ɗan gida a ko'ina.

Na huɗu batun aƙida ne, kuma mun san shi zai fi damun wasu daga cikin membobinmu. An buɗe labarin da Asuf yana salla a gaban dutse mai siffofi, ga batun uba da ya bayyana a jikin dabba, ga mutum yana rikiɗa. Mu Musulmi ba mu musun samuwar aljanu, amma ba mu yarda ran mamaci na komawa jikin wata halitta ba. Abin da za mu ce shi ne, marubucin yana nuna tunanin makiyayin da bai taɓa zama gaban malami ba, wanda addininsa ya cakuɗe da gadon kakanni, kuma nuna abu daban yake da yin kira zuwa gare shi. Mu ma muna da irin wannan a gida. Akwai tatsuniyar ɓaunar da ta rikiɗa budurwa don ta gano asirin maharbi, akwai kuma al'adar kan gida a wajen Maguzawa, inda zuriya ke haramta wa kanta cin wata dabba. Duk da haka muna ganin a wasu wurare muryar marubucin ta narke cikin ta tauraronsa har ba a iya rabewa, kuma marubucin Hausa da zai bi wannan hanya sai ya san masu karatunsa, ya san inda zai ja layi.

Abin da Za Mu Tsinta

Ba yau adabinmu ya fara shiga hamada ba. A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan gasar 1933, mun bi uwar Umar har Murzuk da Tarabulus tana neman ɗanta, mun kuma ga guguwar rairayi ta binne ayari. Babu aljani a wannan babi, amma ya zauna a zukatan waɗanda suka karanta shi tun suna makaranta. A ɗaya gefen kuma muna da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, inda aljanu ke da gari da sarauta, kuma sun yi kyau a irin nasu tsarin na raha da barkwanci da jaruntaka. Matsalar ita ce yawancin masu tasowa sun gaji aljanun Imam ba tare da rahar Imam ba, sun kuma bar hamadar Tafawa Ɓalewa ba mai shiga.

Shawararmu ga mai son rubuta irin wannan labari ita ce ya ɗauki abu ɗaya daga kowane ɗayan marubutan nan biyu. Daga Barth ya ɗauki ƙididdiga, wato ya je wurin da ƙafarsa in da hali, ya san tsawon tafiya, ya san inda ruwa yake da lokacin da inuwa ke juyawa. Daga al-Koni ya ɗauki sauraro, ya zauna da mutanen wurin ya ji abin da suke faɗa, sa'an nan ya tambayi kansa me wannan labari yake karewa, rijiya ce, ko kabari, ko dabba, ko ran yaro mai ƙiriniya. Wuraren ba su yi mana nisa ba. Ga Dutsen Dala da labarin Barbushe da Tsumburbura, ga Kufena a Zariya, ga duwatsun Birnin Kudu masu zanen shanu na mutanen da, ga kwazazzaban Azbin ga 'yan'uwanmu na Nijar. Kowannensu yana da tsofaffi a gindinsa da ba a gama jin ta bakinsu ba. Sai da ɗan gari kan ci gari.

Kammalawa

A wannan sharhi mun kwatanta yadda baƙo da ɗan gida suka rubuta ƙasa guda, mun nuna cewa Barth ya ga wurin da kyau amma bai saurari mutanensa ba, al-Koni kuwa ya saurara har ya mai da labarin aljanu ya zama hanyar magana a kan amana da haɗama, ko da yake shi ma ya yi tuntuɓe da ya waiwayo kudu. Abin da ya hango bai tsaya a takarda ba. A shekarar 2009 wani ya bi wasu zane-zanen Akakus ya fesa musu fenti, a 2016 kuma UNESCO ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari. Zanen da ya yi shekaru dubbai yana jure rana da iska, hannun mutum ne ya ɓata shi cikin sa'o'i kaɗan.

Muna fata a zaman karatu na gaba, in wani ya kawo mana babin kwazazzabo, zai iya gaya mana sunan wurin da sunan rijiyar da ke kusa da shi, da kuma abin da tsohuwar da ke ɗiban ruwa a can ta ce masa. Muna kuma maraba da martanin duk wanda ya karanta waɗannan littattafai ya ga saɓanin abin da muka gani, domin shafukan wannan mujalla na kowa ne. Allah ya sa mu dace.